Wasiƙar da Mama Mai Tafireta Ta Ƙi Bugawa

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ina jin abu ɗaya zai rage a kaina, wato ranar da wata dattijuwa mai buga tafireta a bakin kasuwar Kakuri ta karanta wasiƙata, ta ninke ta biyu, ta ce ba za ta buga ba. A ranar, da na bi zuciyata, da na kifar mata da teburi. Yau kuwa ba na yin mako guda ban roƙa mata alheri a wurin Allah ba.

Abin ya faru ne a daminar 1999, shekarar da soja suka koma bariki, amma sai na ɗan koma baya kafin a gane. Ni mai kula da sito ne a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, a wani yadin ajiyar kaya da ke Kakuri, cikin Kaduna. Muna zaune da matata da 'ya'ya uku a gidan gwamnati mai ɗaki biyu a Barnawa. Aikin ba wani babba ba ne, siminti da kwano da bututu nake tsaro, amma a ganina babu ɗan boko kamata a duk yadin. Ina da difloma, ina sayen jaridar Turanci duk Asabar, kuma ina da wani ɗan littafi da nake tara manyan kalmomi a ciki. In gardama ta kaure a ofis sai in jefo guda ɗaya, in harɗe hannu in ga yadda za a yi da ita. Ga shi kuma Allah ya yi ni da saurin fushi, abin da har yanzu ban gama rabuwa da shi ba.

Wajen ƙarshen mulkin soja aka aiko mini cewa Inna, mahaifiyata, ta kwanta ciwo a ƙauyenmu, can bayan Soba. Na tari ogana a ƙofar masallaci bayan azahar, yana sa takalmi, na gaya masa. Ya ce, "Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya, maza je ka." Ni kuwa a yadda aka rene ni, in babba ya ce je ka, magana ta ƙare. Ban rubuta komai ba, ban cike fom ɗin hutu ba, na kama hanya. Mako uku na yi ina jinyarta a wani asibiti a Zariya har Allah ya ta da kafaɗunta. Ashe a bayana kwamitin tantance ma'aikata ya zo yadinmu da soja a gaba, an kira sunana sau uku a ranaku uku babu amsa. Ogana da ya ga kaki sai ya kasa gaya musu cewa shi ya ba ni izini. Ina dawowa na tarar da takardar kora tana jirana, wai na gudu daga bakin aiki.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Matata ta fara ƙulla zoɓo a leda tana aikawa makaranta, ni kuma ina fita da safe da riga a goge don kada maƙwabta su gane, alhali kowa ya sani. Da farar hula suka karɓi mulki sai abu biyu suka zo mana a mako ɗaya. Rediyo ya ce duk ma'aikacin da yake ganin an zalunce shi a baya ya rubuto kukansa. Sannan aka liƙa mana takarda a ƙofa cewa mu tashi daga gidan gwamnati cikin mako shida, tunda ni ba ma'aikaci ba ne. Ba mu da inda za mu, sai dai in kwashe iyalina mu koma ƙauye, yara su bar makaranta.

Na zauna kwana biyu da ƙamus da ɗan littafin nan nawa, na rubuta shafi huɗu cif. Babu kalmar da na tara shekara da shekaru da ban samar mata wuri ba. Na kira korar zalunci, na kira masu yin ta 'yan barandan kama-karya, na tuna musu cewa yanzu dimokuraɗiyya ake yi. A ƙarshe na ba su umarni da manyan baƙaƙe, su yi reverse na hukuncin, su yi rescind na takardar, ba tare da ɓata lokaci ba. Na karanta wa matata a tsaye, ina kai da kawowa a tsakar ɗaki. Ba ta jin Turanci, amma da na gama sai ta ce ita dai a kunnenta ya yi kama da faɗa. Na ce mata ai faɗan ne, ta bar wa masu ilmi harkarsu.

A lokacin ba a kai wa gwamnati rubutun hannu, sai an buga. Akwai wani shagon kwamfuta a Barnawa, amma kwana uku ke nan babu wuta, sai wani maƙwabcina ya kwatanta mini Mama mai tafireta. Rumfarta ta kwano ce, teburi ɗaya da benci, da tsohuwar tafireta, da Littafi Mai Tsarki a gefe an danne takardun kabon da shi. 'Yar kudancin Kaduna ce, gajeruwa, da furfura a gefen ɗankwali, tabarau rataye a wuya da zare. Daga baya na ji cewa ta shekara kusan talatin tana sakatariyar manyan ma'aikata kafin ta yi ritaya. Ni dai a ranar tsohuwa kawai na gani mai buga wa mutane takardar haya.

Na miƙa mata, na ce kofi biyu nake so, kuma kada ta taɓa ko waƙafi. Ta sa tabarau ta karanta a hankali tun daga farko har ƙarshe, ina tsaye ina jiran ta yaba. Da ta gama sai ta ninke, ta ɗora hannu a kai.

"Ɗana, zauna," in ji ta. "Aiki kake so, ko huce haushi?"

Na ce duka biyun.

"Wannan takarda haushi kawai za ta huce maka. Ba zan buga ba."

Jinina ya hau. Na gaya mata cewa ba shawara na zo nema ba, kuma Turancin da ke cikin takardar ya fi ƙarfin mai buga tafireta. Har yau in na tuna wannan magana sai kunya ta kama ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni wa ya sa hannu a takardar korata. Na ce wani darakta ne a hedkwata. Ta ce yanzu yana ina? Na ce ban sani ba, kuma ba ruwana, ai an yi sauyin gwamnati.

"Soja don go, file no go anywhere," in ji ta, sannan ta koma Hausa. "Soja ne suka tafi, ɗana. Masu riƙe da fayil suna nan a kujerunsu. Je ka bincika, in ka dawo ina nan."

Na fice a fusace har na manta da wasiƙar a teburinta. Na hau acaɓa da niyyar in nemi wani mabugin, sai a hanya na tuna hannuna wayam. Girman kai ya hana ni juyawa. Amma tambayarta ta ƙi barin kaina, don haka washegari na tsallaka gada na je hedkwata, na sami wani masinja da na sani. Ya yi dariya ya ce ai daraktan yana nan daram, kuma duk koken da aka kawo daga sashenmu teburinsa yake fara sauka, shi zai rubuta ra'ayinsa a gefen fayil kafin a kai sama. Ashe mutumin da na kira ɗan barandan kama-karya, shi nake shirin ba wa wasiƙar a hannu in ce ya taimake ni.

Da la'asar na koma Kakuri ƙafata tana nauyi. Mama tana cin dafaffiyar gyaɗa, ta ɗago ta gan ni, ta matsar mini da benci. Na gaishe ta yadda ya kamata a gai da uwa, abin da ban yi ba jiya, na ba ta haƙuri. Sai ta yi murmushi ta ce, "To, wannan da ka yi yanzu, shi ake kira reconsider. Jiya ka yanke ba za ka dawo ba. Ka kwana, ka sami sabon labari, ka sake tunani, ka dawo da ƙafarka. Da na aika a jawo ka, za ka zo?" Na ce ko kusa. Ta ce to darakta ma mutum ne kamar ni.

Daga nan ta zuba mini gyaɗa a hannu, ta shiga koya mini abin da difloma ba ta koya mini ba. Ta ce Bature yana da kalmomi da yawa na sake duba hukunci, kuma a ofis kowace da mai ita. Reverse juyar da hukunci ne gaba ɗaya, na sama ke yi wa na ƙasa, kamar yadda babbar kotu ke rushe abin da ƙarama ta yanke. In ni na ce wa darakta ya yi haka, na ce masa ke nan ya rubuta da hannunsa cewa shi azzalumi ne, kuma a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin wanda ya yi ba. Rescind kuwa soke umarni ne da takarda, kalmar mai alƙalami ce, ba ta dace da bakin mai roƙo ba. Review shi ne a sauko da fayil a kaɗe ƙura a sake dubawa. Ta ce wannan aikin takarda ne, kuma in ban kawo sabon abu ba, za su duba su ga abin da suka gani a da, su mayar da fayil inda yake. Reconsider ce kaɗai ke magana da mutum. Ba ta ce masa ka yi kuskure ba, cewa take yi ga abin da ba ka sani ba a lokacin, ko za ka sake tunani.

Na ce amma ai an zalunce ni, oga ya ba ni izini. Ta tambaye ni ina takardar izinin. Na ce a ƙofar masallaci ya ba ni, da baki.

"Fayil ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci," in ji ta. "A fayil ka gudu. A gaskiya ba ka gudu ba. Aikinmu mu kai gaskiya cikin fayil."

Wannan ce maganar da ta fi yi mini ciwo, domin sai a ranar na yarda cewa ni ma da laifina. Wata da watanni ina zagin soja da oga da darakta, ban taɓa tsayawa na ce ni ne ban cike fom ba. Ta aike ni neman abu biyu, katin asibitin Inna da layi biyu daga hannun ogana.

Na tafi ƙauye ba tare da wata fata ba, don ban ga abin da zai sa tsohuwa ta ajiye katin asibiti ba. Ina faɗa wa Inna sai ta jawo adudunta, ta ɗaga zannuwa, ta zaro shi naɗe a cikin leda tare da takardar sallama. Ta ce ita duk takardar da ke da hatimi ba ta yar da ita, ko ba ta san abin da ke ciki ba. Ranar kwanciya da ranar sallama suna nan ɓaro-ɓaro, daidai da kwanakin da aka neme ni aka rasa.

Zuwa wurin oga ya fi mini wuya. Mama ta ja mini kunne cewa kada in ce masa ya ci amanata, in ce kawai na zo ya tuna mini da ranar. Haka na yi, ina danne fushina. Ya sunkuyar da kai ya ce abin yana damunsa tun lokacin, tsoro ne ya kama shi. Ya ɗauki biro ya rubuta cewa na sanar da shi da baki kuma ya amince. Da na shiga da zagi, na tabbata da ya ce bai tuna ba.

Wasiƙar da Mama ta buga rabin shafi ce. Na amsa a ciki cewa na yi kuskuren tafiya ba da rubutaccen izini ba. Na roƙi a yi review na fayil ɗina bisa takardu biyun da na haɗa, sannan na roƙi darakta cikin ladabi ya yi reconsider. Babu kalma ɗaya daga ɗan littafina. Da na karanta sai na ji kamar an tuɓe mini babbar riga a kasuwa, na ce mata wannan ai ko ɗan firamare zai rubuta. Ta ce shi ya sa ko darakta mai gaggawa zai karanta har ƙarshe. Ta gargaɗe ni kuma in riƙa bin sawun fayil ɗin, don a ofis in aka ce maka magana tana under review, wani lokaci barci take yi a ƙasan kabad.

Na kai, aka buga mini hatimi a kofina. Daga nan kullum sai na tsallaka gada na zauna a bencin rajista, ofishin da ake ajiye fayil-fayil, har masinjoji suka fara tsokanata wai a ba ni tebur. Mako shidan nan kuwa suna ta zaizayewa. Matata ta fara ɗaure tukwane da igiya, ta sauke labule, ta daina yi mini maganar wasiƙa don kada ta ƙara mini damuwa. Babbar 'yata, tana aji huɗu a lokacin, ta tambaye ni ko a ƙauye akwai makaranta mai allo na bango. Na tashi na fita waje.

Saura kwana biyar mu tashi aka ce darakta yana kirana. Dogon mutum ne mara fara'a, fayil ɗina a buɗe a gabansa, a gefe kuma tulin wasiƙu. Ya nuna tulin da biro ya ce yawancinsu zagi ne, kuma duk wanda ya zage shi sai ya tilasta masa kare abin da ya yi. Ya ɗaga katin Inna ya duba ranakun, ya tambaye ni jikin tsohuwa. Na ce ta warware.

"Ni na sa hannu a korarka," in ji shi. "Da wannan katin yana cikin fayil a lokacin, da ban sa ba."

Ya yi rubutu a gefen takarda, bai nuna mini ba, ya ce in tafi. Ban san ko na samu ko na rasa ba sai bayan kwana uku, da masinjan nan ya zo har Barnawa a kan keke da ambulan. An mayar da ni bakin aiki, tare da gargaɗi a rubuce kan tafiya ba izini, kuma an janye takardar tashi daga gida. Matata ta zauna a kan ɗaurin tukwane ta yi ta kuka, ni ma ban tsira ba.

Ko abinci ban tsaya ci ba na nufi Kakuri. Mama ta sa tabarau ta karanta, sai ta ɗora yatsa a layi na biyu ta juyo mini da takardar. An rubuta cewa takardar korata is hereby rescinded, wato an soke ta.

"Ga kalmarka da kake ta nema," in ji ta. "Ka roƙa da taka, sun amsa da tasu. Da kai ka faɗe ta, da ba ka gan ta ba."

Sannan ta jawo aljihun teburi ta fito da shafi huɗun nan nawa, ta ce in karanta yanzu. Ban wuce shafin farko ba na ji kunnuwana sun yi zafi. Na so in yayyaga, ta hana, ta ce in ajiye, ranar da na zama oga zan buƙace ta. Bayan kwana biyu na kai mata zabi biyu daga ƙauye. Ta karɓi ɗaya, ta ce in mayar wa matata da ɗayar, tunda na ba ta labarin cewa ita ta fara gane wasiƙar faɗa ce.

Shekarar da ta biyo baya gari ya rikice, mutane da yawa suka sauya unguwa, mu ma daga baya muka koma ƙetaren kogi. Da ƙura ta lafa na je Kakuri, na tarar da mai sayar da robobi a rumfar. Wani ya ce ta koma garinsu wurin 'ya'yanta. Sai a lokacin na lura ban taɓa tambayar sunanta ba, Mama kawai nake ce mata, ita kuma ɗana.

Na yi shekara goma sha tara a aiki bayan haka, har na riƙe sashe. 'Yata da ta yi tambayar allo ta gama karatunta a cikin Kaduna. Shafi huɗun suna nan a aljihun teburina har na yi ritaya, kuma duk sanda aka kawo mini wasiƙa mai zafi daga wani ƙaramin ma'aikaci, sai in zaro tawa in karanta layi biyu kafin in ɗauki jan biro. Sau da yawa nakan kira mai wasiƙar in ce ya zauna, in tambaye shi aiki yake so ko huce haushi.

Abin da na koya a rumfar nan shi ne, in kana son mutum ya sauya abin da ya yanke, kada ka tsare shi a lungu ka ce sai ya amsa laifi. Fara amsa naka, kawo masa abin da bai sani ba, ka bar masa hanyar da zai juyo da mutuncinsa. Ni da ɗan littafina cike da Turanci ban san haka ba, sai da matar da na raina ta ƙi buga mini wasiƙa. Ko tana raye ko ta riga mu, Allah ya saka mata da alheri, domin da ta yi mini abin da na ce a ranar, da a ƙauye 'ya'yana suka tashi.